Kurt Gödel (1906-1978): Mutumin da Ya Gano Iyakar Hujja

A filin tarihin mashahuran mutane na wannan karo na ɗauko wani masani wanda sunansa bai yi tambari a tsakaninmu kamar na Albert Einstein ba, alhali kuwa shi Einstein ɗin, a ƙarshen rayuwarsa, ya shaida wa wani abokinsa cewa babban abin da yake kai shi ofis shi ne ya samu damar takowa gida tare da wannan mutum suna hira. Sunansa Kurt Gödel, fanninsa kuma ilmin mantiƙi. Ni injiniya ne, ba malamin falsafa ba, saboda haka zan bi abin daki-daki da misalai yadda ɗalibin sakandare ma zai iya binmu. Fatana mai karatu ya fahimci abu ɗaya da Gödel ya tabbatar tun bai cika shekara 25 ba, wanda ya sauya yadda masana suke kallon lissafi har yau.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Gödel ranar 28 ga Afrilu, 1906, a garin Brünn, wanda a lokacin yake cikin daular Ostiriya da Hungari, yanzu kuma ana kiransa Brno a Jamhuriyar Cek. Iyayensa masu magana da Jamusanci ne, kuma suna da rufin asiri, domin mahaifinsa Rudolf manajan wata masaƙa ne. Yana da wa ɗaya wanda ya zama likita. Tun yana ƙarami yawan tambaya ya sa 'yan gidansu suka laƙaba masa suna mai ma'anar Malam Don-Me. Yana kimanin shekara 6 ya yi fama da zazzaɓin da yake kama gaɓɓai. Ya warke sarai, amma da ya karanta a littattafan likitanci cewa wannan ciwo yana iya taɓa zuciya, sai ya sa wa ransa cewa tasa zuciyar ta taɓu, kuma bai rabu da wannan tunani ba har ya bar duniya.

A 1924 ya shiga Jami'ar Biyana da niyyar karanta kimiyyar fiziks, daga baya lissafi ya ja shi. Malaminsa Hans Hahn ya gabatar da shi ga wani zauren masana da Farfesa Moritz Schlick yake jagoranta. Yawancin 'yan zauren suna ganin lissafi tsarin alamomi ne kawai da mutane suka ƙaga. Gödel yakan zauna shiru yana saurare, amma a ransa ya yi imani cewa lambobi suna da gaskiyarsu ta kansu, mutum gano ta yake yi.

Mene ne mantiƙi?

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurin malamanmu. Ana karanta Sullam na al-Akhdari da Isaguji na al-Abhari, kuma Shehu al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan mantiƙi, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda yake ganin haramcinsa. Asalin fannin yana komawa ga Aristotal na ƙasar Girka. Aikinsa shi ne auna ko natija ta biyo bayan muƙaddimomi. Misali: duk ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, tagulla ƙarfe ce, saboda haka tagulla tana buɗewa idan ta ji zafi.

To ga wani misalin: duk tsuntsu yana tashi sama, jimina tsuntsu ce, saboda haka jimina tana tashi sama. Sigar wannan ƙiyasi daidai take da ta farko, babu inda ta karkace, amma natijar ƙarya ce domin muƙaddimar farko ƙarya ce. Mantiƙi yana ba da tabbacin cewa idan ka zuba gaskiya a sama, gaskiya za ta fito a ƙasa. Tantance abin da ka zuba kuwa wani aiki ne daban. A riƙe wannan, domin ya shafi ƙarshen labarinmu.

Tun zamanin Girkawa akwai wata magana mai cin kanta da ta gagari masana, ana jingina ta ga Eubulides, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutum ne ya miƙe ya ce maganar nan da yake faɗa yanzu ƙarya ce. Idan gaskiya ya faɗa, to maganar ƙarya ce kamar yadda ya ce. Idan kuma ƙarya ya faɗa, to abin da ya ce ya tabbata, maganar ta zama gaskiya. Ko ta ina ka ɓullo sai ta mayar da kai ɗaya gefen. Malaman Musulunci irin su al-Abhari da Nasiruddin al-Ɗusi da Taftazani duk sun yi rubutu a kanta. Mutane da yawa sun ɗauke ta wasan kalmomi, har zuwa lokacin da 'yar uwarta ta ɓullo a tsakiyar lissafi.

Tsagewar da ta bayyana a ginin lissafi

Wani Bajamushe, Gottlob Frege, ya share shekaru fiye da 20 yana ƙoƙarin gina ilmin lambobi a kan mantiƙi tsantsa. Ɗaya daga cikin dokokinsa tana nufin cewa kowace sifa ka ambata, akwai rukunin abubuwan da suke da wannan sifa. A watan Yuni na 1902, juzu'i na biyu na littafinsa yana wurin ɗab'i, sai wasiƙa ta zo masa daga Bertrand Russell na Ingila. Russell ya tambaya game da rukunin dukkan rukunonin da ba sa ƙunshe da kansu: shin wannan rukuni yana ƙunshe da kansa?

An saba sauƙaƙa tambayar da misalin wanzami. A ce a wani gari akwai wanzami namiji wanda yake yi wa duk mazan garin da ba sa yi wa kansu aski, kuma su kaɗai yake yi wa. Wa yake yi wa wanzamin aski? Idan shi yake yi wa kansa, ya karya sharaɗi, domin ba ya aske masu aske kansu. Idan ba ya yi wa kansa, ya shiga cikin waɗanda dole ya aske. Maganin wannan mai sauƙi ne: babu irin wannan wanzami, ba za a taɓa samunsa ba. Amma Frege ba shi da wannan mafita, domin dokarsa ta tilasta samuwar rukunin. Ya amsa cewa ginin ya tsage, ya ƙara bayani a ƙarshen littafin da ya fito a 1903.

Mai karatu zai iya cewa, tufka da warwara guda ɗaya tak, mene ne abin tayar da hankali? Abin shi ne a mantiƙi guda ɗaya ta isa ta rusa komai. A ce mun yarda an yi ruwa yau, kuma mun yarda ba a yi ruwa yau ba. Tunda an yi ruwa, to maganar da ta ce ko dai an yi ruwa ko kuma raƙumi yana tashi sama ta zama gaskiya. Tunda kuma ba a yi ruwa ba, ɓangarenta na farko ya faɗi, saura na biyu: raƙumi yana tashi sama. Da wannan dabara za a iya tabbatar da kowace irin magana, hujja ta zama ba ta da sauran amfani.

Russell da Alfred North Whitehead sun yi ƙoƙarin gyara da littafinsu Principia Mathematica, juzu'i 3 tsakanin 1910 da 1913, inda sai da aka ci ɗaruruwan shafuka kafin a kai ga cewa 1 da 1 sun zama 2. Shi kuma David Hilbert, babban malamin lissafi na Jamus a zamanin, ya tsara buri: a rubuta tubalan lissafi, wato maganganun tushe da ake karɓa ba tare da hujja ba, a rubuta dokokin ciro magana daga magana, sannan a tabbatar da cewa tsarin ba zai taɓa cin karo da kansa ba, kuma kowace tambaya ta lissafi tana da amsa a cikinsa.

Abin da Gödel ya gano

Aikinsa na digirin dakta, wanda ya kammala a 1929, ya faranta wa mutanen Hilbert rai. Ya nuna cewa dokokin mantiƙi na matakin farko sun wadatar: duk maganar da dole ta zama gaskiya a kowane hali da tubalan suka zama gaskiya, ana iya ciro ta mataki-mataki. Wannan ya shafi dokokin ciro magana ne. Tambayar da ta rage ita ce ko akwai jerin tubalan da zai kama dukkan gaskiyar da ta shafi lambobi 0, 1, 2, 3 zuwa sama.

A ranar 7 ga Satumba, 1930, a wani taro a birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, Gödel ya faɗa a taƙaice cewa babu irin wannan jeri. Mutum ɗaya ne ya gane nauyin maganar nan take, wato John von Neumann. Washegari, a wannan birni, Hilbert ya yi jawabin da aka watsa wani ɓangarensa a rediyo, yana jaddada cewa babu tambayar da za ta gagari ɗan Adam. Takardar Gödel ta fito a 1931.

Dabarar tasa matakai biyu ce. Na farko, ya ba kowace alama ta lissafi lamba, sannan ya nuna yadda za a dunƙule jimla gaba ɗaya ta zama lamba ɗaya. A ce jimla tana da alamomi uku masu lambobi 1, 3, 2. Sai a ɗauki lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1, wato 2, 3, 5: a ɗauki 2 sau ɗaya, a ninka 3 da kanta har sau uku a samu 27, a ninka 5 da kanta a samu 25. Idan aka ninka 2 da 27 da 25 za a samu 1350, kuma daga 1350 ana iya warware jimlar yadda take, domin hanya ɗaya ce tak ta farfasa lambar. Yau wannan ba ya ba mu mamaki, tunda mun san kwamfuta tana ajiye harafin A a matsayin 65, hotuna da murya duk lambobi ne a cikinta. Amma Gödel ya yi nasa ne kafin a ƙera kwamfuta. Da wannan dabara, magana a kan jimloli da hujjoji ta koma magana a kan lambobi, lissafi ya samu bakin yin magana a kan kansa.

Mataki na biyu, ya ɗauko tsohuwar maganar maƙaryacin nan ya sauya mata kalma ɗaya. Maimakon jimlar da take cewa ita ƙarya ce, ya gina jimlar lissafi da take cewa ba za a iya tabbatar da ita a cikin wannan tsari ba. A ce tsarinmu gaskiya kaɗai yake tabbatarwa. Idan ya tabbatar da wannan jimla, ya tabbatar da ƙarya ke nan, tunda ta ce ba za a iya ba. Saboda haka ba zai tabbatar da ita ba. Amma ai abin da ta faɗa ke nan, don haka gaskiya ce. A nan maganar ba ta ci kanta ba, ta tsaya daram: gaskiya ce, kuma tsarin ba shi da hujjarta. Idan ka ƙara ta cikin tubalai, sabon tsarin zai haifi tasa jimlar. A 1936 Barkley Rosser ya ƙara ƙarfafa natijar, ya nuna rashin cin karo da kai kaɗai ya isa sharaɗi.

Natija ta biyu ta fi yi wa burin Hilbert illa: irin wannan tsari, muddin ba ya cin karo da kansa, ba zai iya tabbatar da hakan da kayan aikinsa ba. Sai an nemo shaida daga waje. Gerhard Gentzen ya kawo irin wannan shaida ga ilmin lambobi a 1936, da wata hanya da ba ta cikin tsarin.

Abin da binciken bai ce ba

Nakan ji wasu, musamman a muhawara, suna cewa Gödel ya nuna babu wani abu tabbatacce, ko ya rushe kimiyya. Wannan ƙari ne. Binciken yana aiki a kan tsarin da ya cika sharuɗɗa uku: ba ya cin karo da kansa, ana iya tantance tubalansa ta hanyar da inji zai iya bi, kuma ya ƙunshi tarawa da ninkawa na lambobi. Mojżesz Presburger ya nuna a 1929 cewa lissafin tarawa kaɗai, ba ninkawa, cikakke ne, babu giɓi a cikinsa. Alfred Tarski ya nuna haka ga ilmin awon siffofi na matakin farko. Duk abin da aka tabbatar da hujja yana nan a tabbace, 7 sau 8 har gobe 56 ne. Shi kansa Gödel ya fahimci aikinsa a matsayin shaida cewa gaskiyar lissafi ta fi kowane jerin dokoki faɗi.

Inda abin ya shafi aikin injiniya

Na fara cin karo da sunansa ne a jami'a a Ingila, a darasin ka'idar kwamfuta, ta hanyar Alan Turing. A 1936 Turing ya yi amfani da irin wannan dabara ya nuna cewa ba za a iya rubuta manhajar da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta gama aikinta ko za ta yi ta juyawa har abada ba. A aikina na na'urorin sarrafa injinan masana'anta, an sha tambayata me ya sa ba za a sayi manhaja ɗaya da za ta tabbatar babu kuskure a duk sauran ba. Amsar ita ce babu kuɗin da zai saye ta, domin ba za a iya ƙera ta ba. Abin da injiniyoyi suke yi shi ne su taƙaita irin manhajar da suke rubutawa, su tabbatar da ita ita kaɗai. Haka aka yi wa muhimman sassan manhajar layin jirgin ƙasa na 14 a birnin Paris, wanda aka buɗe a 1998 yana tafiya ba direba. Sanin iyakar ne ya koya mana inda za mu sa ƙarfinmu.

Hijira zuwa Amurka

Lafiyar Gödel ta fara tangarɗa tun 1934, lokacin da ya kwanta a gidan jinya saboda matsalar ƙwaƙwalwa. A watan Yuni na 1936 wani tsohon ɗalibi ya harbe Schlick a matakalar jami'a, abin da ya ƙara girgiza shi. A Satumba 1938 ya auri Adele, wadda ta girme shi da shekara 6, ta taɓa aure, kuma ta yi sana'ar rawa, dalilan da suka sa iyayensa suka daɗe suna ƙin abin. Ba su haihu ba. A shekarar ce Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya. Gödel ba Bayahude ba ne, amma an san shi da zama cikin malamai Yahudawa. Matsayinsa na koyarwa ya suɓuce, wasu samarin Nazi suka tare shi a titi sai da Adele ta kore su da lema, sannan likitocin soja suka ce ya cancanci a ɗauke shi.

A Janairu 1940 suka bar Biyana. Saboda yaƙi, sai suka bi jirgin ƙasa ta Saiberiya, suka tsallaka Japan, suka hau jirgin ruwa zuwa San Francisco, suka isa a watan Maris. Ya zauna a Cibiyar Nazari Mai Zurfi da ke Princeton, ya zama farfesa a 1953, kuma bai sake taka Turai ba, sai dai wasiƙu tsakaninsa da mahaifiyarsa, wadda ta riƙa kawo masa ziyara daga baya. A Disamba 1947, da zai je ganawa da alƙali don zama ɗan ƙasa, ya karanta tsarin mulkin Amurka da idon mai mantiƙi, ya ce ya gano kafar da za a iya bi a kafa mulkin kama-karya bisa doka. Shaidunsa biyu, Einstein da Oskar Morgenstern, sun yi ta fama ya bar zancen, amma sai da ya taso da shi, alƙalin ya kawar da maganar cikin hikima.

Bai daina aiki ba. Tsakanin 1938 da 1940 ya warware rabin tambaya ta farko cikin 23 da Hilbert ya gabatar a 1900, wadda ta shafi girman rukunoni marasa iyaka: ya nuna tubalan da aka saba da su ba za su iya ƙaryata hasashen ba. A 1963 Paul Cohen ya nuna ba za su iya tabbatar da shi ba ma. A 1949 ya samo wata amsa ga lissafin Einstein wadda take siffanta duniya mai juyawa, inda a ƙa'ida matafiyi zai iya komawa lokacin da ya wuce. Ya samu lambar yabo ta Einstein a 1951. Mutum ne da ya yi imani da samuwar Allah da rayuwa bayan mutuwa, har ya tsara hujjar samuwar Ubangiji da alamomin mantiƙi, ya nuna wa Dana Scott a 1970.

Ƙarshen rayuwarsa

Rasuwar Einstein a 1955 ta rage masa abokan hira, ya koma ya fi son magana ta tarho ko da mutum yana kusa. Tsoron cewa za a sa masa guba a abinci ya yi ta ƙaruwa, har ya zama ba ya cin komai sai abin da Adele ta dafa. A 1977 aka kwantar da ita a asibiti na tsawon watanni, a shekarar kuma Morgenstern ya rasu. Gödel ya kusan daina cin abinci gaba ɗaya. Ya rasu a asibitin Princeton ranar 14 ga Janairu, 1978, yana da shekara 71, nauyinsa kimanin kilo 29. Adele ta bi shi a 1981.

A nan misalin jimina ya dawo. Idan mutum ya yarda cewa akwai guba a abincin, ƙin ci shi ne natijar da ta dace, babu inda ƙiyasin ya karkace. Muƙaddimar ce ciwo ya dasa masa, kuma kaifin basira bai iya tumɓuke ta ba, domin da ita yake auna duk wanda ya zo ba shi shawara, har da likitoci. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba ya tsallake mai ilmi, kuma kaɗaici yana ƙara masa ƙarfi. Mu da muke zaune nesa da dangi ya kamata mu riƙa leƙa junanmu.

A 1993 aka fara ba da lambar yabo mai sunansa ga masu bincike a ka'idar kwamfuta, a 1999 kuma mujallar Time ta sa shi cikin mutane 100 mafi tasiri a ƙarni na 20. Ga ɗalibanmu masu karatun lissafi ko kwamfuta, shawarata ku zauna da takarda da biro ku bi misalin wanzami da na jimlar Gödel da kanku har sai kun ga inda suka bambanta. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.